Yadda zaka koyi kasuwanci mai kula da muhalli a Kano, ka fara da shagonka

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, duk mai tada inji a shago ya san lissafi ya canza, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma har ta tsallake dubu. Ana cikin wannan sai a Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 duk yunit, an ɗan rage daga baya amma dai bata koma gidan jiya ba. Shi yasa yanzu ko ina ka juya maganar sola ce da gas da sake sarrafa roba, a rediyo, a Facebook, a wajen bita a otal, wai a gyara tattalin arziki ya daina cutar da muhalli. Gwamnati ma tana da nata, Buhari ya yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa zuwa 2060 Najeriya zata kai matsayin da hayaƙin da take fitarwa ba zai fi wanda ake shanyewa ba, a shekarar kuma aka sa hannu a dokar sauyin yanayi.

Duk wannan yana da kyau, amma ni a ganina mai shagon aski a Fagge ko tela a Kurna ko Hajiya mai abinci a Sabon Gari ba daga Glasgow zasu fara ba, kuma ba daga sayen sola ba, daga littafin lissafi zasu fara. Duk abin da yake fita daga shagonka a matsayin hayaƙi ko shara ko ruwan datti, da kuɗinka ka sayo shi tun farko. In ka gane wannan to rabin karatun ya shiga.

Mataki na 1: Sayi littafi, ka yi wata guda kana rubutu

Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa, ka ja layi ka raba gida biyar: mai, wuta, ruwa, leda da kwali, sai kayan da suka lalace. Kullum kafin ka rufe shago ka rubuta. Mai lita nawa ka zuba, inji awa nawa ya yi, ba kuɗin kawai ba fa, har litar, domin farashi yana hawa yana sauka amma lita bata ƙarya. In kana da mitar kati ka duba yunit da safe ka duba da yamma ka rubuta bambancin, in kuma KEDCO bil suke kawo maka na ƙiyasi to ka rubuta awa nawa aka kawo wutar. Ruwa jarka nawa ɗan garuwa ya sauke. Leda bandir nawa ta ƙare. Tumatir nawa ya ruɓe, burodi nawa ya kwana, yadi nawa ya tafi a ƙyalle. Kuɗin baƙin mai da fulogi da na mai gyaran inji duk su shiga gidan mai, mutane suna mantawa da su alhali a wata suna taruwa.

In yaron shago ne yake sayo mai, kar ka mayar da abin kamar bincike ake masa, ka gaya masa dalili, ka ce duk abin da aka rage a wata akwai kasonsa a ciki, in ba haka ba zai riƙa rubuta maka abin da yake ganin kana son gani ne kawai.

Sati na huɗu sai ka zagaya shagon da biro, duk abin da ake jonawa a wuta ka juya bayansa akwai lamba da harafin W, wato wat, ka kwafe. Kwan fitila, fanka, tibi, firiza, dutsen guga, kilifa, injin keken ɗinki, duka. Gefen kowanne ka sa awa nawa yake aiki a rana. Wat sau awa shi ne abin da yake ci, in ya kai 1,000 to yunit ɗaya kenan. Wannan ɗan lissafin shi ne zai hana wani ya yi maka wayo nan gaba.

Mataki na 2: Toshe inda yake yoyo kafin ka sayi komai babba

Wanda ya sa sola bai rage ɓarnar wutarsa ba tamkar mai ɗibar ruwa ne da kwando. Ka fara da masu araha. Tsohon kwan nan mai zafi wat 60 yake ci ko 100, LED mai wat 9 ko 10 zai baka hasken mai 60 ɗin, in guda shida gareka kaga daga wat 360 ka dawo 60. Fankar sama ta gargajiya wajen wat 70 zuwa 80 take ja, fankar sola mai DC kuwa da yawansu basa wuce 30. Firiza ka duba robar ƙofarta, ka saka takarda ka rufe ka ja, in ta zare ba wuya to sanyi yana gudu, a canza robar. Ka janye ta daga jikin bango kamar tafin hannu, ka ɗauke ta daga inda rana take duka, ka goge ƙurar bayanta musamman lokacin hunturu, kuma don Allah a daina barin yara suna buɗewa minti minti don neman abin shan da ya fi sanyi, a ware wanda za a sayar a kula daban.

Teloli ku kuma naku yana cikin injin keken. Tsohon injin mai kuloch tun da ka kunna shi yake juyi yana shan wuta ko kana ɗinki ko kana hira da kwastoma, wanda ake kira servo kuwa sai ka taka yake ja, ga shi ba ƙara. In kekuna uku ko huɗu ne a shagon, canza injinan kaɗai zai rage maka girman solar da zaka nema sosai. Dutsen guga shi ne babban ɓarawo, wat 1,000 zuwa sama, ka tara guga ka yi ta a lokaci ɗaya idan an kawo wuta, kar ka yi mafarkin ɗora shi a kan ƙaramin batir.

Zafi ma abin lissafi ne, garin da a watan Afrilu ake haura digiri 40 kuma shagon kwano ne ba silin, to fanka iskar zafi kawai take juyawa. Sa silin, buɗe 'yar taga a sama ta baya don iska ta ratsa, shafa farin fenti a kan rufin, in akwai fili a gaba ka dasa darbejiya a farkon damina wajen Yuni ko Yuli ka kewaye ta saboda awaki, amma ka ɗan nisanta ta da gini saboda saiwa.

Masu abinci, in har yanzu murhun duwatsu uku ne to yawancin zafin gefe yake bi. Ko a koma gas ko a sayi murhu mai tattalin itace da gawayi wanda yake rufe wutar a ƙarƙashin tukunya. A rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, in shinkafa ta kusa tsotsewa a sauke a naɗe tukunyar da bargo mai kauri zata ƙarasa da kanta. Wadda ta koma gas ta riƙa shafa ruwan sabulu a bakin silinda da tiyo, in ya yi kumfa akwai yoyo, kar a gwada da ashana, kuma silinda a waje ko inda iska take shiga.

Ka sake wata guda kana rubutu bayan waɗannan gyare gyaren. Lambar da ka samu yanzu da ita zaka je wajen mai sola.

Mataki na 3: Sola, amma da lissafi a hannu

Nan ne aka fi cutar mutane shi yasa zan ɗan daɗe. Rana kam Allah ya bamu, Kano tana wajen digiri 12 arewa, masu haɗa sola suna lissafi da awa biyar na cikakkiyar rana kuma a nan muna samun haka har da ɗoriya yawancin shekara. Ba sabon abu bane a garin, tun 2018 aka fara ba shaguna wutar sola a kasuwar Sabon Gari ƙarƙashin shirin hukumar samar da wuta a karkara, REA, a 2019 aka buɗe mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a Janairun 2023 kuma aka buɗe mai megawat 10 a yankin Challawa.

Mu ɗauki misalin shagon aski, lambobin na misali ne ka sa naka. Kilifa biyu wat 15 kowanne awa 6, ya zama 180. Fankar sola biyu wat 30 awa 10, 600. Kwai huɗu wat 10 awa 5, 200. Tibi wat 60 awa 8, 480. Cajin waya a sa 100. Jimla 1,560, yunit ɗaya da rabi da ɗan kai. Raba da awa biyar na rana, ya baka 312, sai ka ƙara kamar kashi 30 cikin ɗari saboda ƙura da zafi da abin da waya da inbata suke cinyewa, kaga ka ɗan haura wat 400. Ke nan fanel ɗaya mai wat 550 ko biyu masu 300 sun riƙe shagon. Batir kuma aikin dare zaka duba, daga magariba zuwa rufewa. Batir mai ruwa na bolt 12 mai 200Ah yana ɗauke da wajen 2,400, amma rabi kawai ya kamata ka sha, in kana tatse shi har ƙasa kullum ba zai yi ƙarko ba. Lithium ya fi tsada amma ana iya shan kashi 80 nasa ko fiye kuma yana shekaru da yawa fiye da mai ruwa, in jarinka zai kai ni shi zan ce ka saya.

Sai ka koma littafinka. A ce injinka lita 3 yake sha a rana, a ce lita naira 900, kwana 26 a wata, 70,200 kenan ban da baƙin mai da gyara. In duk kayan da haɗawa sun tashi a 900,000, cikin wata 13 kuɗinka ya dawo, abin da ya biyo baya riba ce. In kuma lissafi ya nuna sai shekara biyar ko shida to ka dakata, wataƙila ka haɗa kayan da suka fi ƙarfinka ne. Ta ɓangaren hayaƙi kuwa, litar fetur ɗaya tana fitar da wajen kilo 2.3 na iskar da take ɗumama duniya, dizal wajen 2.7, wato ɗan injin nan mai lita 3 ya haura tan biyu a shekara, ban da wanda kai da yaranka kuke shaƙa. Kuma hayaƙin inji a rufaffen wuri kisa yake, ko da ka bar shi don ko ta kwana a waje zai zauna.

Wajen saye, ka karɓi farashi a rubuce daga mutum uku, kowa ya rubuta sunan kaya da girmansa da waranti. Ka ce mai haɗawa ya nuna maka aikin da ya yi shekara biyu da suka wuce, ba na satin jiya ba, ka je ka tambayi mai shagon da kanka. Akwai fanel da ake manna wa takardar wat ɗin ƙarya, akwai tsohon batir da ake wankewa a sa a sabon kwali, araha dai bata ado. Wanda ya zo ya kalli shago kawai ya yanke maka farashi bai tambayi me da me zaka jona ba, sallame shi. Waya ta zama mai kauri ta jan ƙarfe zalla, a sa bireka da fis tsakanin fanel da kwantirola da batir, wannan ba wajen tsumulmula bane, duk wanda ya ga gobarar Sabon Gari ta 2016 ya san abin da wuta take yi wa kasuwa. Fanel ya kalli kudu, a ɗan karkata shi kamar digiri 12 zuwa 15 don ruwa da ƙura su riƙa zamewa, kar inuwar tanki ko eriya ta faɗa ko da a kan kusurwa ɗaya ce. Da hunturu a riƙa wankewa akai akai da sassafe ko da yamma, ruwa zalla da tsumma mai laushi, ba a watsa ruwan sanyi a kan fanel da tsakar rana. Batir a inuwa inda iska take bi, mai ruwa a riƙa duba shi ana ƙara ruwan batir, ba na famfo ba.

Idan batir ya mutu ka mayar wa dila a rage maka kuɗin sabo, kar ka bari a fasa shi a ƙofar shago ana zubar da asid a kwata. Dalma ce a cikin batir mai ruwa, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010 inda yara wajen 400 suka rasu, can daga ƙasar haƙar zinare ta fito amma gubar ɗaya ce.

Mataki na 4: Raba shararka, mafi yawanta tana da mai saye

Wannan Kanawa ba sai an koya mana daga waje ba. Tun kaka da kakanni manoman kewayen birni suke ɗibar takin gari a kan jakuna suna kaiwa gona, maƙera suna narka gwangwani su zuba tukunya, tsohuwar taya ta koma takalmi, tub ya koma guga. Abin da ya ɓata lamarin leda ce, ita ta shiga bola ta hana ta zama taki, ita kuma take toshe lambatu. 'Yan Kantin Kwari ba zasu manta da ambaliyar daminar 2022 ba da dukiyar da ta jiƙe.

Ka samu buhu huɗu ko tsofaffin bokitai. Ɗaya na roba da gorar lemo da ledar fiyawata, ɗaya na ƙarfe da gwangwani, ɗaya na kwali da takarda, ɗaya na ragowar abinci da ɓawo. Sirrin a nan shi ne kar su haɗu, kwalin da miya ta zuba a kai ya tashi daga aiki, robar da aka tara a bushe a tsaftace ta fi kuɗi. Gora a matse ta don kar ta cika wuri. Kar ka sayar wa na farko da ya tsaya, ka tambayi 'yan gwangwan biyu ko uku nawa suke sayen kilo, in kayan sun taru da yawa ka kai da kanka wajen masu sikeli ko masu niƙa roba irin na Dakata da Sharaɗa, tsakanin farashin ƙofar shago da na can akwai tazara. Ka yi awo a gabanka. Kuɗin ka rubuta shi a shafi daban, ba zai sa ka kuɗance ba amma yakan biya kuɗin shara da na mai gadi.

Ragowar abinci da ƙanzo da ɓawon dankali da dusa, masu kiwo suna nema, ka daidaita da mutum ɗaya ya riƙa zuwa kullum da yamma. Tela ya tara ƙyalle, manya a yi jakar hannu da kayan yara da hular jarirai, ƙanana masu filo suna saye. Mai injin shinkafa ɓuntunsa yana zama makamashi ko shimfiɗar kaji, kafinta ma garin katakonsa haka. Abin da ya rage wanda ba mai so shi ne zai tafi inda hukumar kwashe shara ta REMASAB take kwashewa, ba cikin kwata ba, kuma ba a cinna masa wuta, hayaƙin leda da taya yana cin ƙirji.

Sai rage ledar da kake bayarwa. Mun saba ko ashana mutum ya saya sai an sa masa a leda, wani ma ya ce a ninka. Ka koya wa yaro ya riƙa tambaya, Hajiya a sa a leda ko akwai jaka? Tambayar nan kaɗai zaka ga bandir ya ƙara kwana. Masu abinci ku ɗan yi ƙari ko ragi ga wanda ya zo da kularsa, ku fara sabawa tun yanzu, domin Legas ta haramta farar robar tekawe ɗin nan mai kama da soso tun Janairun 2024, irin wannan doka kuwa in ta fara a wuri ɗaya yawo take.

Mataki na 5: Ruwa da magani

Masu wankin mota da masu rini da majema da masu gidan fiyawata, naku ya fi nauyi. Ruwan da yake fita daga lungunan birni Jakara yake faɗawa, na Bompai ya bi Getsi, kuma a bakin waɗannan rafukan ake noman latas da alayyahu da kabejin da muke saya. Ka haƙa ƙaramin rami biyu a jere ka shafe da siminti, ruwan ya fara zama a na farko laka ta kwanta, ya tsallaka na biyu, mai wankin mota zai iya sake amfani da shi wajen wankin taya da ƙarƙashi. Baƙin mai a tara a jarka akwai masu saye. Mai rinin zamani da soda da sauran sinadarai ya auna daidai ya daina zubawa da ka, ya sa safar hannu, kuma ya sake amfani da ruwan rinin daga launi mai haske zuwa mai duhu kafin ya zubar.

'Yan kasuwar hatsi ta Dawanau kuma maganar maganin ƙwari ce. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin da aka samu a ciki, irin wanda ake zubawa don kashe ƙwari, kaga kasuwa guda ta rufe saboda abin da wasu suka ɗauka dabara ce. Akwai buhu mai hawa uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, ba a sa magani ko kaɗan, rashin iska ne yake kashe ƙwarin. Wake ya bushe sosai, a sheƙe shi, a duba ledar ba huji, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane hawa daban, a ɗora a kan katako nesa da ɓera, kar a riƙa buɗewa. In an kula da shi yana yin shekara fiye da ɗaya ana maimaitawa.

Mataki na 6: Inda zaka ƙaro sani

Makaranta ta farko ƙafarka ce. Ka ware rana ka shiga Ƙofar Wambai da Ƙofar Ruwa ka ga yadda tsohon abu yake komawa kuɗi, ka zauna da mai sikeli ka tambaye shi wace roba ce ta fi tsada kuma me yasa, in ka yi sallama da ladabi ka ce Alhaji koyo na zo yi, yawanci zasu buɗe maka. Matashin da yake son haɗa sola ya zama sana'arsa ya nemi oga mai aiki a hannu ya bi shi, amma ya haɗa da kwas na lantarki ko a Kano Poly ko wata cibiyar koyon sana'a, saboda masu koyo da ido kaɗai su ne suke haɗa wayar da take kamawa da wuta. Mai harkar noma da abinci ya riƙa bibiyar cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa ta BUK, CDA. Baje kolin da ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kano, KACCIMA, take yi a Zoo Road ƙarshen shekara ma wuri ne na ganin murhu da fanfon sola da injina ka taɓa da hannunka ka kwatanta farashi.

Mai jin Turanci da 'yar data, akwai shafin Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna UN CC:Learn, kwasa kwasai ne kyauta a kan sauyin yanayi da tattalin arziki mai kula da muhalli, kana gamawa ka yi jarrabawa a baka satifiket. Kar ka yi rajistar guda biyar lokaci ɗaya, ɗauki ɗaya, rabin awa bayan isha, kuma duk darasin da ka gama ka rubuta abu ɗaya da zaka gwada a shago a satin. Satifiket ɗin yana da amfani wajen cike fom amma shi kaɗai bai taɓa rage wa kowa litar mai ba. A can zaka haɗu da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 da ƙasashen duniya suka amince da su a 2015, wanda ya fi shafarka na 7 ne na makamashi da na 12 na rage ɓarna a saye da sarrafawa, sauran ka san da su kawai. Wanda baya Turanci ya nemi bidiyon masu haɗa sola da Hausa a YouTube da TikTok, suna da yawa yanzu, sai dai ka riƙa bambance mai koyarwa da mai talla.

Mataki na 7: Kuɗin yi

Ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka yi ta hukumar ƙananan sana'o'i, SMEDAN, ka buɗe asusun kasuwanci daban da na cefane, domin duk wani rance ko tallafi na gaskiya, na Bankin Masana'antu ne ko na wata ƙungiya, takardu zai nema da shaidar shige da ficen kuɗi, littafin nan naka na wata uku ko shida shi zaka ajiye a gabansu. Wanda yake gudun ruwa a bashi akwai Jaiz da TAJ da Lotus, suna da tsarin murabaha inda banki zai sayi kayan ya sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali, ka je reshe ka tambayi sharaɗinsu. Akwai kamfanonin sola masu biya kaɗan kaɗan, kafin ka sa hannu ka tara duk abin da zaka biya har ƙarshe ka kwatanta da farashin kuɗi hannu, ka kuma tambayi me zai faru in ka makara wata ɗaya. Linkin da ake turowa a WhatsApp wai tallafin muhalli, a turo BVN da kuɗin fom, damfara ce, goge shi. Adashi ma hanya ce, kwasarka ta tafi kai tsaye wajen batir.

Idan kana gaya wa kwastoma kayanka babu magani ko robarka sake sarrafawa aka yi, to ya zama gaskiya ne, Kano ƙarama ce wajen labari.

In jarinka bai kai ba ku haɗu ku huɗu ko biyar a layi ɗaya ku sa sola guda, ya fi sauƙi a kan kowa ya sayi inbatarsa. Amma a rubuta yarjejeniya a gaban shugaban layi da shaidu: nawa kowa ya zuba, wat nawa aka yarda kowa ya ja, a sa wa kowane shago 'yar mitarsa da bireka mai yankewa in ya wuce ƙa'ida don kar wani ya jona hita a ɓoye, wa zai riƙa wanke fanel, nawa za a riƙa ajiyewa duk wata saboda ranar canza batir, kuma in mutum zai tashi daga shagon yaya za a fitar masa da kasonsa. Mai rumfar da za a ɗora fanel a kan rufinsa, in haya yake, a nemi izinin mai ginin a rubuce kafin a huda kwano.